Kwali, Gam da Almakashi: Wa Ke Biyan Kuɗin Aikin Hannu a Rabin Aji?

Wata sabuwar al'ada ta baro makarantun kuɗi na birnin Kano, ta biyo titin Zariya, ta fara shigowa Kura da Bunkure. Da an dawo daga dogon hutu a watan Satumba, sai a ware satin farko don 'yan nazare su yi aikin hannu. A yanka kwali a yi wa kowane yaro kambi, a tsoma tafin hannunsa a fenti a danna a farar takarda, a barbaɗa ƙyalƙyali a kan harafin farko na sunansa. Kafin satin ya zo, takardar kayan da ake bukata ta riga ta iso gida, manne da ta kuɗin makaranta: kwali kala biyu ko uku, gam, ƙaramin almakashi, fakitin kala, zaren ulu, wani lokaci har da balan-balan.

Masu wannan tsari suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Yaro ɗan shekara huɗu da aka ɓamɓaro daga jikin uwarsa aka ajiye cikin baƙi yana bukatar abin da zai ɗauke masa hankali daga kuka. Yatsun da za su riƙe fensir sai sun yi ƙwari tukuna, kuma yanka da liƙi da murza laka na cikin abin da ke ƙarfafa su. Duk na yarda. Inda muka raba hanya shi ne yadda ake maganar abin kamar kyauta ne. Akwai mai biya, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

A cikin jerin nan da wuya ka sami abu ɗaya da aka yi a Kano, balle a Bunkure. Nijeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma sun daɗe da kasa riƙe ƙasar, har yau mafi yawan takardar da muke rubutu a kai daga waje ake shigo da ita. Almakashin roba da kala da ƙyalƙyali yawancinsu 'yan Sin ne. Sai sun sauka a Legas, su hau tirela zuwa Sabon Gari, sannan mai shago a Kura ya je ya saro. Ke nan farashin kambin yaronka yana rataye da dala da kuɗin mota. An cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da ₦500 ta haura ₦1,500 a cikin 2024. Kwali bai tsira ba.

Kada mu tsaya gardamar farashi, tunda na yau ba shi ne na gobe ba. Mu ƙaddara kawai jerin ya tashi ₦3,000 a kan yaro guda, kowa ya gyara da na kasuwar garinsu. Magidanci mai mata biyu da ƙanana uku a nazare zai fitar da ₦9,000, ban da kuɗin zango, ban da yunifom da takalmi da littattafan yayyensu. Aji mai yara 40 ya haɗa ₦120,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 ₦71,000 ne, kuma malamar makarantar kuɗi ta ƙauye sau da yawa ko kusa da shi ba ta zuwa. Wato a lissafin nan namu, kayan da za su ƙare kafin Alhamis sun fi abin da ita mai koyarwar za ta gani a wata.

Yawan kuɗin ma bai kai lokacin da ake neman su ciwo ba. Mutumin birni yana ganin tunda madatsar Tiga ta fara riƙe ruwa a 1974, aka ja kanal ta Bunkure da Kura da Kadawa, manomin nan ba ya rabuwa da kuɗi, tunda yana noma damina da rani. Abin da bai sani ba shi ne kuɗin manomi dunƙule suke zuwa, dunƙule suke tafiya. A Satumba duk abin da yake da shi yana cikin gona. Shinkafar damina ta fitar da kai amma ba a yanka ba sai Oktoba ko Nuwamba, takin da aka zuba mata wataƙila bashi ne, ga kuɗin feshi, ga mai korar tsuntsu, ga irin tumatir na rani da za a fara reno. Kuma daidai lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara gida-gida. Tumatirin da ake sa rai da shi ma ba a rantse masa. Wanda ya ga yadda tsutsa ta cinye gonakin Kadawa a 2016, ko ya taɓa tsayuwa a Kwanar Gafan ranar da kwanduna suka yi yawa masu saye suka yi ƙaranci, ya san haka. A irin wannan wata ne ake aiko wa uba takardar ƙyalƙyali. Ba zai ce ba shi da shi ba, don kada a ware ɗansa a aji. Zai auni shinkafar ci ya kai kasuwa, ko uwar ta taɓa jarin turararta.

Yana da kyau a san inda abin ya samo asali. Bajamushe Friedrich Froebel ne ya kafa makarantar ƙananan yara ta irin wannan tsari a garin Bad Blankenburg a 1840. Kayansa ƙwallon ulu ne, da guntayen katako, da laka, da yashi, da naɗin takarda, da ɗan lambu da yara ke shuka a ciki. Yawancinsu abin da ke kusa da hannu ne a ƙauyen Jamus na wancan zamani. Da tsarin ya haye Amurka sai 'yan kasuwa suka hango, kamfanin Milton Bradley ya shiga ƙera kayan Froebel yana sayar wa makarantu, a 1903 kuma kalar Crayola ta fito. Tun daga nan kakar komawa makaranta ta zama kakar ciniki a can. Abin da ke isowa wayar malama a yau jikan wancan ciniki ne. Shi ya sa samfurin da take kwaikwaya kullum tuffa ne ja, da bas ɗin makaranta ruwan ɗorawa, da ganyen da ke zuba idan sanyinsu ya gabato. Yaron Bunkure bai taɓa shiga bas ɗin nan ba, tuffa kuwa sai dai ya hango ta a faranti a tashar mota. A Satumba ganyen garinsu kore ne shar. Ga tumatir da albasa da masara da ya sani tun yana goye, amma su ba su cikin samfurin.

Kuɗin da ya fi kowanne nauyi ba ya cikin takardar da aka aiko gida. Lokacin malama ne.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin nazare. Duk wanda ya leƙa rabin aji a makarantun yankin nan ya san wannan adadi a takarda ya tsaya. A ɗauka yara 60 ne, darasi na minti 30. Idan malama ba ta yi komai ba sai bi ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya sami daƙiƙa 30. To ba ta ma samun hakan. Ta raba kwali, kafin ta kai layin ƙarshe na layin farko sun yaga nasu. Almakashi shida ne a ajin, hannu sittin ke miƙowa.

"Anti, kin ga ya ƙwace min!"

"Anti, wannan tana lasar gam."

"Anti, fitsari."

Ta fita da mai fitsari, ta dawo ta tarar wani ya yanke wa wata gefen hijabi, robar fenti ta kife a kan tabarma, biyu suna kuka, ɗaya ya yi barci. Babu famfo a bakin ajin, bokiti ɗaya ne, ruwansa ya koma ja tun daga hannu na biyar. Malamar da ta sha wannan sau ɗaya ba ta sake yarda. Sai ta koyi dabara: ta kwashi kwalin ta tafi da shi gida, bayan isha ta shimfiɗa tabarma, ta kunna fitilar waya, ta yanka kambi sittin da hannunta, ta rubuta sunaye, ta liƙa taurari. Da safe aikin yaro bai wuce ya miƙo yatsa a dangwala masa gam ba. A jera su a jikin bango, kowa da kambinsa iri ɗaya sak, a ɗauki hoto a tura zauren iyaye na WhatsApp, a yi ta sa albarka.

To a nan yatsun wa suka yi ƙwari? Na malama. An karɓi kuɗin uba da sunan koya wa ɗansa sarrafa hannu, an ci daren malama ba tare da an ƙara mata sisi ba, abin da makarantar ta samu kuma talla ce. Ban ga laifin malamar ba. Da almakashi shida da yara sittin, ni ma abin da zan yi ke nan. Akwai kuma wata mai biya da ba a lissafa ta: uwar da za ta tsuguna da yamma tana cuɗar fenti daga yunifom ɗin da shi kaɗai ne, da sabulun da ba a sa a kasafi ba, tana addu'ar kada hadari ya haɗo kafin ya bushe.

Mun taɓa ganin inda irin wannan hanya ta ɓulle. Waɗanda suka yi firamare a da sun san akwai darasin aikin hannu, ana zuwa da igiya da aka tufka, ko faifai, ko tsintsiya, ko muciya, a duba a ba da maki. A hankali yara suka fara saye a kasuwa su kawo. Daga baya aka ce to me ya kawo wahala, kowa ya kawo kuɗin tsintsiyar kawai. Darasin ya mutu, kuɗin suka rayu. Ban ga abin da zai hana satin kwali bin wannan sawu ba. Alamar ma ta fara bayyana a duk makarantar da ta ce kada a saya a kasuwa, a biya a ofis za ta saro gaba ɗaya. Sarin gaba ɗaya ya fi araha, gaskiya ne, amma ba kasafai ake nuna wa iyaye rasit ba, kuma ba a cewa ga almakashin bara sun rage.

A makarantun gwamnati lissafin ya sha bamban. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma ta ce ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar UBEC, a tsarin rabon da aka faro da shi kuma kashi 5 cikin 100 ne rabon ajin ƙanana. Manufar ilimi ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. A Kano gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta Abba Kabir Yusuf ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, inda gwamnan da bakinsa ya yi maganar miliyoyin yara da ke zama a ƙasa. Saboda haka hedimasta ba shi da hurumin aika wa iyaye takardar kwali, kuma ba shi da asusun saye. Ko wata ƙungiya ta kawo kwali guda na kaya, a ina za a ajiye? Ajin da ba shi da ƙyaure ba ya riƙe almakashi. Abin da aka liƙa a bango, idan feshin ruwan Satumba ta taga bai jiƙa shi ba, gara za ta same shi, ko akuyar maƙwabta. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2016 ma daga aji ɗaya zuwa uku ya tsaya, 'yan rabin aji ba sa ciki. Yaron da ya fito da ragowar koko a ciki, zuwa sha ɗaya ba kambi ne a gabansa ba.

A nan ne wani zai ce to ai shi ke nan, a koma kayan gida, kara da laka da ledar banza, ba ko kwabo. Ina son wannan magana, amma ita ma sai an yi mata lissafi, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Karan dawa ba ya bushewa sai bayan girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a Satumba ɗanye ne a tsaye a gona. Laka akwai ta birjik, amma idan malama ta ce kowa ya zo da laka gobe, ina ɗan shekara biyar zai nufa? Bakin kanal. Ruwan kanal yana da zurfi kuma yana da ja, gefensa da santsi, kuma inda ya kwanta ciyawa ta rufe akwai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, cutar da ta daɗe da zama a ƙauyukan noman rani. Maganar a tattaro robobin banza a mayar da su abin wasa kuwa, a birni robar lemo ce da ta ruwa. A yankin da kowane gida ke feshi, robar banzar da ta fi yawa a bayan danga ta maganin ciyawa ce da ta ƙwari. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda haɗarinsu, amma sauran magungunan feshi na nan a kowane shago, kuma ɗauraya ba ta raba robarsu da guba. Sai wani babba ya tsaya ya tantance abin da kowane yaro ya kawo. Haka wake da masara da duwatsun ado da ake liƙawa a takarda: ɗan shekara uku hanci yake turawa ko kunne, daga nan sai kuɗin babur zuwa asibiti. Liƙa shinkafa da taliya a kwali kuma, a gidan da ake auna abin da za a dafa da gwangwani, uwa ba za ta kira shi koyo ba, almubazzaranci za ta ce, kuma da gaskiyarta.

Duk da haka kayan gida sun fi, nesa ba kusa ba, idan an sa su a lokacinsu. Masara tana fitowa a damina, wanda ya bi ta Karfi ya ga tulinta a bakin titi, totuwarta da ɓawonta da gashinta kuwa zubarwa ake yi. Ƙaro da aka jiƙa yana liƙe takarda, kuma ko yaro ya lasa ba komai. Ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi yake a bayan injinan Kura. Tela zai ba da ƙyalle kyauta. Gawayi yana zane a ƙasa.

Akwai kuma asarar da ba a ƙirga ta da naira. Wannan yanki ba baƙon aikin hannu ba ne. Kura ta yi suna da rini tun ƙarni na 19, turkuɗinta da rawanin da ake kira ɗan Kura sun kai har ƙasar Buzaye, marigayi Philip Shea na Jami'ar Bayero a kan wannan sana'a ta ƙasar Kano ya yi digirinsa na uku. A makarantar allo ana dafa tawada da ƙaro, a fere alƙalami, a yi wa allon mai sauka zayyana, babu abin da aka shigo da shi ta jirgin ruwa. Yaran kansu ma gwanaye ne. Ka zauna kusa da ɗan shekara tara bayan an kawar da dawa ka ga yadda yake motar kara. Da haƙori yake ɓare ɓawon, ya tsaga shi siri-siri, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa daidai wa daida ba tare da ma'auni ba. Ya soke wannan cikin wancan har gangar jiki ta tashi, ya yanko taya daga tsohon silifas, ya zura tsinke ya zama gindin taya, ya gwada a ƙasa. Idan ta karkace ya zare ya rage tsawon gefe ɗaya. Ƙaninsa ɗan shekara huɗu na tsugune yana riƙe masa guntaye, har a ba shi ragowa ya haɗa tabarau ya maƙala a hanci. Can gefe yarinya ta ɗaura wa totuwar masara zani, tana yi mata kitso da zare. A cikin wannan akwai awo, akwai ƙirga, akwai gwaji da gyara, kuma babu mota biyu da suka fito iri ɗaya. Idan makaranta ta karɓi yaron nan ta nuna masa cewa abin yabo shi ne kambin da Anti ta yanka, motar yayansa kuwa wasan banza ce da ake bari a ƙofar aji, ta koya masa wani abu tun satin farko, kuma zai daɗe bai manta ba.

Da ni ne a kwamitin makaranta, ko a taron iyaye da malamai, ba zan ce a soke aikin hannu ba. Zan ce a cire shi daga takardar Satumba. Satin farko waƙa da tatsuniya da zane a yashi sun isa su shanye kuka. Babban aikin a kai shi ƙarshen zango, lokacin da kara ya bushe, shinkafa ta shigo gida. Idan kuma dole sai an tara kuɗi, waccan ₦120,000 da muka ƙaddara ta fi amfani a akwatin ƙarfe mai kwado, da almakashi goma marasa tsini da za su shekara uku ana amfani da su, da bokiti biyu da sabulu, ragowar a biya wata dattijuwa ko budurwar unguwa da za ta riƙa zama a ajin tana taimakon malama. Na san amsar da mai makaranta zai ba ni, cewa iyaye abin da suke gani a hoto suke biya, kuma idan bai yi ba makarantar gaba za ta yi ta kwashe masa yara. Wannan ma gaskiya ce, kuma rabin laifin namu ne iyaye.

Wanda zai koyar ma yana nan cikin makarantar, a aji huɗu ko biyar, wato masu motar karan nan. A turo biyar ko shida daga cikinsu rabin aji ranar Alhamis, kowa ya zauna da ƙanana goma, malama ta riƙe reza a hannunta ita kaɗai. Shi ma ba kyauta ba ne. Manyan za su rasa darasi ɗaya a sati, za a share aji sau biyu, kuma ranar da jami'in duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya tarar da 'yan aji biyar a ƙasa suna ɓare kara, hedimasta ne zai tsaya ya yi bayanin abin da babu shi a jadawali.